Jan Mayafi a Bokitin Malam Modu

Ba a mako sai wani saurayi ya tsaya a gaban rumfata a Jimeta, ya ɗaga waya ya ɗauki hoton kwalabe, sannan ya ce, "Bappa, ai wannan sana'ar ta masu hutu ce. Ruwa ne da kwalba kawai." Wasunku har kun yi odar kifi daga Legas, kun fara talla a waya. Ban hana ku ba. Amma tunda kuna dawowa kuna tambayata abin da ya sa kifinku yake kwanciya a gindin kwalba, bari in rubuta muku abin da na sani, in huta da maimaitawa.

Kifin da nake magana a kai shi ne beta. Masu kawo shi daga kudu faita suke ce masa, mu a nan kifin kwalba. Jikinsa bai kai ɗan yatsa ba. Akwai mai gajeriyar wutsiya, wanda ba ya zama wuri ɗaya. Akwai kuma mai doguwar wutsiya da manyan fukafukai masu faɗi, waɗanda maigidana yake kira mayafi. Mai mayafin shi mutane suka fi so, shi kuma suka fi kashewa.

Maigidana Oga Filibus ne, mutumin Numan, tsohon ma'aikacin gwamnati a sashen kiwon kifi. Da ya ajiye aiki ya buɗe wannan rumfar da nake zaune a ciki. Ni kafin in zo wurinsa, tarwada nake kiwo a gonar wani Alhaji a Yolde Pate. Na zo da gashin baki da iyali, ina ganin na san kifi.

Aikin farko da ya ba ni zama ne. Ya ajiye mini benci a gaban kanta, ya ce in kalli kwalaben har rana ta ɗaga, in nuna masa wanda ba shi da lafiya. Na ga wani shuɗi kwance a kan ganye, ko motsi ba ya yi. Na nuna shi. Oga ya yi dariya har sai da ya cire tabarau.

"Hamma, kai ka saba da tarwada," ya ce. "Tarwada lebura ne. Je ka sa babbar riga ka shiga kogin Binuwai ka yi iyo, ka dawo ka gaya mini ko kai malalaci ne."

Ya wuce da hannu ta saman kwalbar. Shuɗin ya taso a hankali, ya buɗe mayafinsa, ya leƙo saman ruwa ya ɗebi iska, ya tsaya yana kallon yatsun Oga. Marar lafiyar yana can ƙarshen layi, wani da na ga yana ta zirga-zirga na ɗauka ƙarfi ne da shi. Jikinsa yake gogawa da gilashi saboda ƙaiƙayi.

Wannan shi ne abu na farko, kuma a kansa sauran suke. Mai dogon mayafi kaya yake ja. Yakan yi iyo kaɗan, ya huta da yawa, wani lokaci ma ya kwanta ta gefe kamar matacce. Mai hutawa launinsa na nan, idonsa na bin ka, in inuwarka ta gifta zai taso, in ka sa abinci zai ci. Marar lafiya yana tattare mayafinsa kamar laimar da aka rufe, launinsa ya koɗe, abinci ya nutse a gabansa bai duba ba. Ba a gane wannan a bidiyo. A bidiyo an sa masa madubi ne kafin a ɗauka.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Randa biyu, a zuba ruwa ya kwana ya huce kafin ya taɓa kifi. Siririn tiyo irin na ƙarin ruwa a asibiti, da shi muke zuƙe dattin ƙasa ba tare da mun motsa ruwan ba. Ƙaramin kofin roba na ɗaukar kifi, domin raga tana yaga mayafi. Busasshen ganyen itacen nan mai inuwa kamar laima, wanda yara ke fasa 'ya'yansa su ci. Yana rina ruwan ya yi kamar shayi, kifin kuma ya natsu. Sai ganye mai faɗi kusa da saman ruwa, wurin kwanciya, don kada ya yi doguwar tafiya in zai sha iska. Sai kwali. Tsakanin kowace kwalba da 'yar'uwarta akwai kwali, domin namiji in ya ga namiji ba ya iya daina buɗe mayafi da kumbura kai har sai ya galabaita. Oga yakan zare kwalin da safe na ɗan lokaci, su ga juna su motsa jiki, ya mayar. Kwalayen da yake yankawa daga katan ɗin sukari, wasu har yau su nake sawa.

Wani mai aski a Rumde ya taɓa sayen ja guda don shagonsa. Shagon aski kuwa ko'ina madubi ne. Ya dawo yana murna, wai kifinsa ba ya hutawa, kwastomomi suna ta kallo. Na ce ya rufe masa gefe uku. Ya ce to me ya saya in ba kallo ba? Da ya sake dawowa, kifin ya cinye rabin wutsiyarsa da bakinsa. Haka suke yi in nauyin ya ishe su. Matar wani babban ma'aikaci kuma ta sayi babban akwatin gilashi da injin kumfa mai ƙarfi, don tana son kifinta ya ji daɗi. Igiyar ruwan ta riƙa jan mayafinsa kamar zani a kan igiyar shanya. Ba mugunta ba ce. Yawancin kifin da ya mutu a garin nan, kulawa ce ta kashe shi.

Oga yana da nasa irin, wanda ya yi shekaru yana haɗawa yana zaɓa. Jan Mayafi yake kiransa. Ja ne wur, ba shuɗi ko ɗigo a jikinsa, wutsiyar ta buɗe kamar mafici, kuma yana da sanyin hali, da wuya ya ciji kansa. Ba a samun irinsa a Legas, don ba daga can ya fito ba. A bayan rumfar nan aka yi shi. Mazan suna kanta a kwalabe. Matan, da yake su ana iya haɗa su wuri ɗaya, suna babban baho a gidana a Rumde, saboda rumfa ba wuri.

Sai shekarar da garuruwan da ke arewa da mu suka watse saboda hare-haren 'yan tada ƙayar baya, Yola da Jimeta suka cika da mutane. Kowane gida da baƙi, kowace baranda da tabarma. Ba mai tunanin kifin ado. Muna buɗe rumfa ne kawai don kifin yana buƙatar ruwa.

A lokacin ne Malam Modu ya fara zama a bencinmu. Dattijo ne, masunci daga bakin tafkin Chadi, ya biyo ta Kamaru ya sauko har nan. Wani manomi a Damare ya ba shi ɗaki, yana shigowa gari yana ɗan dako. Bai taɓa maganar iyalinsa ba, mu ma ba mu tambaya ba. In ya gama dako sai ya zo ya zauna ya zuba wa kwalabe ido. Ni "Mai kwalba" yake ce mini, Oga kuma "Fasto", ko da yake Oga ba fasto ba ne.

"Fasto, wannan abin ana cinsa?"

"In ka tara dubu za ka samu miya cokali ɗaya."

"To meye amfaninsa?"

"Kai meye amfaninka a bencina?"

Haka suke yi kullum. Wata rana Oga ya ɗauko wani matashin namiji cikin Jan Mayafi, mafi kyau a wannan ƙyanƙyasar, ya miƙa masa. Ya ce, "Modu, riƙe. Masunci ba ya kwana ɗakin da ba kifi." Na so in yi magana, don irin wanda ake ajiyewa ne, amma rumfarsa ce.

Bayan wasu watanni, wata la'asar, Oga ya tafi kasuwa karɓo kwalabe wajen matan da ke tara mana. Ina rumfa ina zuƙe datti na ji ƙarar tashin bom daga wajen kasuwa. Ruwan kowace kwalba ya girgiza, kifayen duka suka sauka ƙasa lokaci guda. Oga bai dawo ba. Aka kai gawarsa Numan, na bi motar.

Bayan an binne shi, matarsa Mama Rifkatu ta kira ni gefe. Ta ce, "Hamma, jan kifinsa ɗin nan, akwai saura? Ina son guda a falo." Na ce akwai, zan kawo mata. A sanina gaskiya na faɗa, don na bar kantar rumfa cike da su.

Amma an rufe layin rumfunanmu saboda tsaro, kuma ba a buɗe da wuri ba. Kun san zafin Yola a ƙarƙashin kwano, ƙofa a rufe. Ranar da aka bar mu muka shiga, ba namiji ko ɗaya da rai. Na wanke kwalaben na kife su. Matan suna gidana lafiya, amma mata kaɗai ba sa ci gaba da iri, kuma in na haɗa su da wani namiji daga Legas, abin da zai fito ba na Oga ba ne. Namijin Jan Mayafi guda ɗaya ya rage a duniya, wanda ke hannun Malam Modu. Beta kuma ba ya daɗewa. In ya wuce lokacinsa ba ya ƙara gina gidan da zai sa ƙwai.

Na hau keke napep zuwa Damare. Na samu ɗakin a bayan rumbu. Tun daga ƙofa na ji ƙarar zubar ruwa. Malam Modu ya cire kifin daga kwalba ya sa shi a dogon bokitin fenti, cike fal. Ya rataye jarka a jikin azara, ya huda gindinta, ruwa na tsiyaya cikin bokitin ba tsayawa. In jarkar ta ƙare ya ɗebo wani a rijiya ya cika. Ga kuma ludayi a gefe, wanda yake kwarara ruwan da shi. Kifin yana can ƙasa, ya lafe a jikin roba. Mayafinsa ya yage gida-gida, wutsiyar saura rabi.

Muka gaisa, muka yi wa juna gaisuwar Oga. Sannan ya nuna bokitin.

"Ka ga abin da nake fama da shi. Tun da Fasto ya tafi ya ƙi tashi. Sai ya taso ya buɗe baki a sama, ya koma ya kwanta. Ruwan ne ba iska. Ina ƙara masa, ina ƙara masa."

Ba shirme ya yi ba, ku gane wannan. A kwale-kwale, in kana so kamunka ya kai gaɓa da rai, haka ake yi, a riƙa kwarara masa sabon ruwa. A gonar tarwada ma in muka ga kifi ya cika sama yana haki, gudu muke mu buɗe famfo. Duk kifin da Malam Modu ya sani a rayuwarsa, in ya kwanta ko ya leƙo sama, mutuwa ce ta kusa. Beta kuwa haka Allah Ya yi shi, iskar sama yake sha kamar ni da ku. A dogon bokiti, da ruwa na dukansa, kowane numfashi hawa ne mai nisa da rigar da ta jiƙe.

Na ce, "Malam, ba ni shi in kai Rumde. In ya warke in haɗa shi da mace, in dawo maka da shi."

"A'a."

"Don matar Oga ne. Na yi mata alkawari."

Ya dubi ɗakin. Ya ce, "Mai kwalba, ka ga bargon nan? A layin rabon agaji na karɓa. Tukunyar nan, a layi. Tabarma, a layi. Wannan kaɗai aka kira sunana aka ba ni. Ba ya fita ɗakin nan."

Ban yi gardama ba. Na ce to ni zan zo da kayana, amma da sharaɗi: a sauke jarkar.

"Ka kashe mini shi ke nan. Ni da na tsufa a ruwa, mai kwalba zai koya mini kifi?"

"Naka kifin ba zan koya maka ba. Wannan na Fasto ne. Ka taɓa ganin jarka a rumfarsa?"

Ya dubi jarkar. Sannan ya tashi da kansa ya kwance igiyar.

Washegari na kawo baho mai faɗi, ruwan da ya kwana, da busasshen ganye. Na zuba ruwan iya tafin hannu a tsaye, ba ƙari. Na ɗauke kifin da kofi na sa shi, na ajiye masa ganye mai faɗi, na rufe rabin bahon da kwali. Ya je ya kwanta a kan ganyen, bakinsa dab da saman ruwa. Malam Modu ya miƙa hannu zai ɗauki ludayi. Na ɗauke ludayin na sa a aljihun rigata, na tafi da shi gida.

Aikin da ya fi wuya a sana'ar nan shi ne rashin taɓawa. Kullum in na zo da tsutsar sauro da na tace daga kaskon bayan gida, sai in same shi tsugune a gaban bahon, ya harɗe hannuwa a bayansa kamar wanda aka ɗaure.

"Bai motsa ba tun asuba."

"Ya ci?"

"Ya ci. Ya koma ya kwanta, ɗan sarki."

"To lafiyarsa lau."

"Kai da Fasto duk ba ku da tausayi."

A hankali launin ya dawo. Bakin yagewar ya fara fitar da sabuwar fata, fara sol kamar ledar biredi. Na kawo mace mai cikin ƙwai a cikin kwalba, na tsayar da kwalbar a tsakiyar bahon, ya gan ta amma ba zai kai gare ta ba. Ya zagaya ta, ya buɗe abin da ya rage na mayafinsa, ya gaji, ya koma ganye. Ya sake tasowa, ya sake komawa. Amma bai yi kumfa ba. Namijin da bai tara kumfa ba, ba a sakar masa mace, don ba inda zai sa ƙwan. Na mayar da ita Rumde, na sake kawo ta, har na fara shirya maganar da zan faɗa a Numan.

Wata safiya na tarar da Malam Modu a bakin hanya yana jirana, ko takalmi babu.

"Zo ka gani. Ban taɓa ba, wallahi ban taɓa ba."

A ƙarƙashin ganyen akwai kumfa, fara, a cure, faɗin murfin kwalba. Na ji tsoron kada ya ce datti ne ya kwashe. Sai ya tsuguna ya ce, a hankali, "Gida ne. Kifin bargi ma haka yake yi a wajenmu, cikin ciyawa, inda ruwa ya kwanta. Ba ya yi a inda ruwa ke gudu." Ya ɗago ya dube ni. "Me ya sa ba ka ce mini irin bargi ba ne tun farko?"

Ban san bargi yana haka ba. Na gaya masa.

Muka saki macen. Sai da rana ta yi tsaka kafin ya naɗe ta a ƙarƙashin kumfar, ƙwai suka riƙa zubowa kamar garin gero. A nan amfanin ruwa marar zurfi yake. Namijin ne ke bin kowane ƙwai ya ɗauko da baki ya maƙala a kumfa, in ya faɗo ya sake ɗaukowa, kuma ba ya cin abinci sai sun ƙyanƙyashe. Wanda aka ce malalaci ne, a kwanakin nan ko sau ɗaya ban ga ya hau ganyensa ba. Da a bokitin fenti ne, da bai kai ko rabi ba.

Na cire macen, daga baya da 'ya'yan suka fara iyo na cire uban. Abincin 'ya'yan kuwa Malam Modu ne ya ɗauki nauyinsa. Ni gwaiduwar ƙwai na sani, wadda ke saurin ɓata ruwa. Shi ya san wani kududdufi mai koren ruwa a bayan gonaki, yana tacewa da tsumma ya kawo abin da ido ba ya gani sosai, su kuwa suna gani. Ban taɓa samun ƙyanƙyasar da ta rayu da yawa kamar wannan ba.

Uban bai sake gina gida ba. Ya zauna a bahonsa a ɗakin Malam Modu, wutsiyar ba ta koma yadda take ba, har ya mutu da tsufa a kan ganyensa. Da hanya ta buɗe, Malam Modu ya ce zai koma garinsu ya duba. Ya zaɓi ɗa guda, muka naɗe kwalbar da tsumma. Na mayar masa da ludayinsa a tasha. Ya karɓa ya ce, "Na miya ne yanzu." Ban sake jin labarinsa ba.

Duk jan da kuke ɗauka a waya a kantar nan, daga bahon Damare ya fito. In kun saya, ku ba shi wuri mai faɗi marar zurfi, ruwan da ba ya gudu, ganyen kwanciya, da kwali. Ku daina ƙwanƙwasa gilashi.

Da 'ya'yan suka yi mayafi, na zaɓi wanda ya fi kama da na Oga na shiga motar Numan, kwalbar a kan cinyata. Mama Rifkatu ta share teburin falo, ta ajiye shi nesa da taga, inda rana ba ta kaiwa. Kifin ya zagaya sau ɗaya, ya je ya kwanta a kan ganye ta gefe, ya daina motsi. Na buɗe baki zan yi mata bayanin da na saba yi wa kowa, kada ta tsorata. Ta ɗaga mini hannu ba tare da ta juyo ba.

"Na sani, Hamma," ta ce. "Bar shi. Hutawa yake."